Wa Ke Yin Yaƙin? Daga Karari Zuwa Kasuwar Libiya

Akwai wata 'yar gajeruwar kalma ta Turanci mai harufa huɗu da ke yawan fitowa a labaran da kamfanonin dillancin labarai ke aiko wa gidajen rediyo, wato "wage". Idan ta zo tare da kalmar yaƙi, abin da take nufi shi ne wani ya ɗauki yaƙi ya riƙe, ya yi ta yin sa yau da gobe, da niyya da shiri da kashe dukiya. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai yana juya Turanci zuwa Hausa, agogo na bin sa, ya san kalmar nan ba ta da takwara guda ɗaya tak a harshenmu. Wani ya ce "ƙaddamar da yaƙi", wani ya ce "gwabza yaƙi", wani ya ce "yaƙa", wani kuma ya bi hanya mai sauƙi ya ce "rikici ya ɓarke". Mai sauraro zai ɗauka duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ni kuwa a shekarun da na yi ina karanta labarai da gabatar da shirye-shirye, na gamsu cewa ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana iya kai wa ga wanke mai laifi, ko shafa wa marar laifi kashin kaji.

Shi kansa Bature yana da kalmomi da dama masu kusanci da ita. Yana da "fight", wadda ko yara biyu a bakin famfo za a iya faɗa musu. Yana da "launch", wadda ke nuna farawa kawai. Yana da "conduct" da "prosecute", waɗanda harshen ofis ne na hafsoshi da ministoci. Abin da ya bambanta "wage" da su shi ne ta haɗa abu biyu: tana nuna ɗorewa, kuma ba ta tsayuwa sai da mai yi. Dole a faɗi wane ne ke yin yaƙin, kuma a kan wa.

Kwanduna uku na Hausa

Idan muka zazzage namu kalmomin muka tantance, za mu ga sun kasu kwanduna uku. Kwando na farko shi ne na kalmomin da ke nuna mai aikatawa ƙarara: ya yaƙe su, ya kai musu yaƙi, ya kai hari, ya kai farmaki, ya kai samame, ya yi musu ƙawanya, ya yi musu kwanton ɓauna, ya yi luguden wuta. Kakanninmu da wannan kwandon suka fi aiki. A wurinsu yaƙi abu ne da ake ɗaurawa, a kai shi, a ja daga, a ci gari ko a sha kashi. Suna bambanta yaƙi da hari, domin shi hari shiga ce ta bagatatan a kwashi dabbobi ko mutane a juya, yaƙi kuwa sai da tambari da sansani da Sarkin Yaƙi. "Ƙaddamar da yaƙi" ma a wannan kwandon take, sai dai ranar farko kawai take ɗauka, kamar yadda ake ƙaddamar da littafi a watse.

Kwando na biyu shi ne na kalmomin da ke ɗaukar cewa ɓangarori biyu ne masu ƙarfi kusan ɗaya suka haɗu: gwabzawa, fafatawa, karawa, arangama, artabu, gumurzu, ɗauki-ba-daɗi, ba-ta-kashi. Ku lura, da wasu daga cikinsu muke ba da labarin dambe da ƙwallon ƙafa. Kano Pillars ta kara da Enyimba, 'yan dambe sun fafata. Kalmomi ne masu daɗin faɗa a rediyo, suna cika baki, shi ya sa muke yawan kai musu hannu.

Kwando na uku shi ne na kalmomin da ba su da mai yi sam: rikici ya ɓarke, tarzoma ta tashi, faɗa ya kaure, lamura sun rincaɓe, an samu tashin hankali. A nan yaƙi ya zama kamar ambaliya ko annobar sanƙarau, abin da ya faɗo wa mutane daga sama.

Kowane kwando yana da ranarsa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗebo daga na biyu ko na uku aka rufe abin da na farko ne ya dace da shi. Ban san wani wuri da ya fi Umdurman ta ƙasar Sudan nuna wannan ba, domin garin ya ga manyan yaƙe-yaƙe biyu da shekara 125 a tsakaninsu, kuma duka biyun sun taɓa Hausawa.

Karari, 1898

Umdurman tana yammacin kogin Nilu, tana fuskantar Khartum. Ƙaramin wuri ce har zuwa lokacin da Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, ya ci Khartum a ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Janar Gordon. Mahadin ya rasu a watan Yuni na wannan shekarar, halifansa Abdullahi ya gaje shi, ya mai da Umdurman babban birnin daula. Labarin Mahadi bai tsaya a bakin Nilu ba. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda ta ƙasar Adamawa, ya zama wakilinsa a wannan yanki namu.

A ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar Ingila da Masar ƙarƙashin Janar Kitchener ta haɗu da mayaƙan Halifa a filin Karari, arewa da Umdurman. Kafin azahar an kashe Ansaru kimanin dubu 10. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Akasarin Ansaru ba su ma iso inda takobi ko mashi zai yi aiki ba, bindigogin Maxim da igwa sun kwantar da su daga nesa. To, ya mai karatu, in aka ba ka wannan labari ka fassara, ka ce "an gwabza" ko "an fafata", ka faɗi gaskiya? Jaruntakar waɗanda suka tunkari wutar ba abin musu ba ce, ko Winston Churchill, wanda yake cikin rundunar yana matashi kuma ya rubuta littafi a kan yaƙin a 1899, ya yaba da ita. Amma mutum dubu 10 da mutum ƙasa da 50 ba karawa ba ce.

Sannan su Turawan ba su kira duk tafiyar da sunan mamaya ba. Sun kira ta "sake ƙwato Sudan", wai suna mayar wa Masar kayanta ne. Da kalma ɗaya mai zuwa daga nesa ya zama mai gida, masu gida suka zama 'yan tawaye.

Burmi da Satiru

Shekara biyar bayan Karari irin wannan wutar ta iso mana. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a masu yawa ya nufi gabas. Shi da mabiyansa hijira suka kira tafiyar, suna nufin Makka. Sojojin Gwamna Lugga suka bi su, a ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe shi a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. A watan Fabrairu 1906 mutanen ƙauyen Satiru kusa da Sakkwato, masu aƙidar Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A watan Maris aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa, aka kashe mutum wajen dubu 2.

A takardun mulkin mallaka irin waɗannan ayyuka suna da sunaye masu sanyi. Cin ƙasa gaba ɗaya ana kiransa "samar da kwanciyar hankali". Ƙone gari ana kiransa "fitar ladabtarwa", kamar uba ne ya ɗauki tsumagiya. Bahaushe dai bai yarda ba. Har gobe yaƙin Burmi yake cewa, da yaƙin Satiru. Haka ya yi wa rigimar sarauta ta Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, ya kira ta basasa, kalmar da masu nazarin harshe ke dangantawa da yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya, wanda 'yan'uwa suka shekara arba'in suna yi a kan taguwa guda. Da aka zo 1967, gwamnatin Gowon ta fara kiran yaƙin Biyafara "matakin 'yan sanda". Tun kafin a kai ga 1970 kowa ya koma ga tsohuwar kalmar, yaƙin basasa.

Wannan dabara ba ta Ingila kaɗai ba ce. Faransa ta yaƙi Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, amma a hukumance "ayyukan tabbatar da doka da oda" take cewa, sai a 1999 majalisarta ta amince da kalmar yaƙi. Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairu 2022 ta ce "aikin soja na musamman" ne. Mai yin yaƙi ya fi kowa ƙin a ce yana yin sa.

Mai Wurno da "rikicin ƙabilanci"

Burmi ce ta ƙara ɗaure mu da Sudan. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira, ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Sun tarar da alhazan ƙafa da suka riga su, wasu kuma suka biyo baya. Da aka buɗe madatsar Sennar da gonakin auduga na Jazira a 1925, ƙwadagon mutanen yamma na cikin abin da ya riƙe aikin. A Sudan ana kiran su Fallata ko Takari, sunan da yakan haɗe Bahaushe da Bafillace da Babarbare. Jikokinsu 'yan Sudan ne haifaffu, ba su san wata ƙasa ba.

A watan Yuli 2022 aka kashe fiye da mutum 100 a jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Damazin da kewaye. A watan Oktoba aka sake kashe wajen 200 a yankin Wad al-Mahi. Dubban iyalai suka bar gidajensu. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Khartum da Gadarif da Port Sudan. Kusan duk kafafen labarai na duniya abu ɗaya suka ce: rikicin ƙabilanci ya ɓarke tsakanin Hausawa da Berta da wasu ƙabilun yankin.

An yi asarar rayuka a kowane ɓangare, wannan gaskiya ce da bai kamata son kai ya sa mu ɓoye ba. Amma jimlar nan ta haɗiye tambayoyin da suka fi muhimmanci. Tushen maganar shi ne Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu a tsarin sarautun gargajiya na jihar, aka ce musu ba su da ƙasa a nan, baƙi ne, bayan shekara fiye da ɗari. Masu sharhi da yawa sun danganta abin da siyasar neman magoya baya da ta biyo bayan yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020. Wa ya yi ta furta kalaman ƙiyayya kafin a fara? Daga ina makamai suka fito? Ina jami'an tsaro suke a kwanakin farko? "Ya ɓarke" ba ta tambayar ko ɗaya. Tana sa mai sauraro ya girgiza kai ya ce halinsu ne, sun saba.

Sunayen da aka raɗa wa yaƙin yanzu

'Yan Sudan sun daɗe da sanin wannan wasa. Bayan an tumɓuke Umar al-Bashir a ranar 11 ga Afrilu 2019, jama'a suka ci gaba da zaman dirshan a gaban hedikwatar soja. A ranar 3 ga Yuni aka buɗe musu wuta, ƙungiyar likitoci ta ce an kashe fiye da 100. Hukuma ta kira abin "watsa taron zaman dirshan", iyalan mamata suka kira shi kisan kiyashi. A ranar 25 ga Oktoba 2021 Janar Abdulfattah al-Burhan ya kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta farar hula, ya ce ba juyin mulki ba ne, "gyaran alƙibla" ne. A wannan rana shi da mataimakinsa Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, tafiyarsu ɗaya.

A safiyar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, suka juya wa juna bindiga. Burhan na da sojojin ƙasa. Hemeti na da rundunar kai ɗaukin gaggawa ta RSF, wadda gwamnatin Bashir ta kafa a 2013 daga mayaƙan Janjawid na Darfur. Sojoji suka raɗa wa yaƙin "yaƙin kare mutunci", suka kira abokan gabarsu 'yan tawaye. RSF ta ce ita tana yaƙar "fulul" ne, wato ragowar tsohuwar gwamnati, domin dawo da dimokuraɗiyya. Farar hula da yawa suka kira shi yaƙin banza. Mu kuma a kafafen waje muka fi cewa "rikicin janar-janar biyu".

A makonnin farko wayoyin ɗakin watsa shirye-shirye ba su huta ba, domin ɗalibanmu na Kano da Katsina da Jigawa da Maraɗi da Damagaram suna da yawa a Khartum, musamman a Jami'ar Afirka ta Duniya. Kafin a kwaso 'yan Najeriya a motoci zuwa iyakar Masar, a fara sauke su a Abuja a farkon Mayu, iyaye sun yi kwanaki ba barci. Wata uwa da ta bugo ba ta tambaye ni ko rikicin ya lafa ba. Cewa ta yi, "Malam, su wa ke harbin, kuma unguwar su yarona hannun wa take?" Wanda abin ya shafa mai yi yake nema.

Kasuwar Libiya

Yanzu mu zo kasuwar. Suk Libiya, ko Kasuwar Libiya a bakin namu mutanen, tana yammacin Umdurman a yankin Umbadda, kuma tana cikin manyan kasuwannin Sudan. Ta samo sunanta daga hajar da ake shigowa da ita daga Libiya ta cikin hamada. Kasuwar sari ce, ta yadi da tufafi da takalma da barguna da kayan gida, kuma ƙofa ce ta yamma, daga nan kaya ke kama hanyar Kurdufan da Darfur har iyakar Chadi. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu sun san ta. Matan Hausa kuma ko ba su san sunanta ba sun san irin kayan Sudan da ke zuwa mana, laffaya da jallabiya da humra da dilka.

Bahaushe yana da wata kalma da yake yi wa kasuwa da wuta da yaƙi aiki da ita, wato "ci". Kasuwa tana ci, wuta tana ci, yaƙi yana ci. Daga 2023 Kasuwar Libiya ta daina irin nata cin. Yammacin Umdurman ya faɗa hannun RSF, aka wawashe shaguna, kasuwar ta koma sansani da wurin shirya farmaki. Arewacin garin kuwa, wato Karari ɗin nan da Ansaru suka kwanta dama, yana hannun sojoji, nan sansanin jiragen yaƙi na Wadi Sayyidna yake. Tsakanin Karari da Kasuwar Libiya aka yi ta jifan juna da manyan bindigogi ta saman gidajen talakawa kusan shekara biyu.

Kasuwanni sun sha wuta daga kowane ɓangare. A ranar 10 ga Satumba 2023 hari ta sama ya kashe fiye da mutum 40 a wata kasuwa a kudancin Khartum, aka zargi sojoji, suka musanta. A ranar 1 ga Fabrairu 2025 aka yi luguden wuta a Kasuwar Sabirin da ke Karari, hukumomin lafiya suka ce mutum 54 sun mutu, aka zargi RSF, ta musanta. Mai sayar da tumatir da mai harba roka ba arangama suka yi ba. A irin wannan labari kalmar da ta dace ita ce an kai hari, sannan a faɗi wanda ake zargi, a faɗi abin da ya ce.

Ni a matsayina na ɗan rediyo, akwai abin da ya tsaya mini. Gidan rediyon ƙasa na Sudan, wanda aka buɗe a Umdurman a 1940, na cikin wuraren da RSF ta fara kamawa, kuma sai a ranar 12 ga Maris 2024 sojoji suka karɓe shi. Masu bindiga sun san darajar wurin da ake raɗa wa abubuwa suna. Bayan shekara guda sojoji suka karɓi fadar shugaban ƙasa a ranar 21 ga Maris 2025, Burhan ya sauka a Khartum a ranar 26 ya ce an 'yantar da ita. A ranar 29 ga Maris, ana shirin ƙaramar Salla, kakakin soja ya ba da sanarwar karɓe Kasuwar Libiya. Sojoji suka ce sun fatattaki abokan gaba, RSF ta ce ficewarta daga Khartum sauya matsuguni ne na dabara. Ɗan kasuwar da ya koma ya tarar da ƙofar shagonsa a ɓalle, ba wanda ya tambaye shi sunan da zai sa wa abin.

Yaƙi da biyan lada

Asalin kalmar nan ta Turanci yana da abin koyo. Ta shigo Ingilishi ne daga Faransancin Normawa waɗanda suka ci Ingila a 1066, kuma ma'anarta ta farko jingina ce, ko alkawarin da aka ɗaure da ajiye wani abu. A tsohuwar shari'ar Ingila masu ƙara biyu na iya ɗaure alkawarin za su fito fili su yi faɗa, wanda ya yi nasara shi ke da gaskiya, kuma sai a 1819 aka soke wannan doka. Daga wannan saiwar kalmarsu ta ladan ma'aikaci ta fito, haka ma kalmarsu ta yin fare. Ke nan a cikin kalma ɗaya akwai yaƙi, akwai biyan lada, akwai caca.

Wanda ya dubi Sudan zai ga dacewar haka. Yaƙin da ya wuce shekara biyu ba fushi ne ke riƙe da shi ba, fushi yana hucewa. Ana biyan mayaƙa, ana sayen mai, ana sayen harsashi da jirage marasa matuƙa. Tun daga 2015 an tura sojojin Sudan da mayaƙan RSF Yaman su yi wa ƙawancen Saudiyya yaƙi a biya su. Zinariyar Jabal Amir ta Darfur tana cikin abin da ya gina ƙarfin Hemeti. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na bai wa RSF makamai abin a duba ne, Daular ta musanta, Sudan ta kai ta Kotun Duniya a Maris 2025, kotun ta ce a watan Mayu ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Su ma sojojin suna da masu taimaka musu daga waje. Kowace safiya akwai wanda ke yanke shawarar a ci gaba, akwai wanda ke sa hannu a biya.

Wanda ba a biya shi daga sama ba kuwa yana biyan kansa daga ƙasa. A bakin 'yan Sudan wata kalma ta yi tashe a wannan yaƙi, "shafshafa", wato kwashe kayan mutane tas. Wuraren da ake sayar da kayan da aka kwaso daga gidaje da shaguna, jama'a suka raɗa musu "kasuwannin Dagalo". Masu kwasar kan ce ganima ce. Mu Hausawa mun san kalmar ganima, mun kuma san tana da sharuɗɗa a littattafan fiƙihu, kuma firijin gwauruwa da kayan ɗakin amarya ba sa ciki. Muna da sata, muna da fashi, muna da wasoso. Mai fassarar da ya karɓi "ganima" daga bakin mai bindiga ya miƙa wa masu sauraro, ya halatta abin da bai halatta ba.

Me ya rage mana

Wani zai ce, mutum fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu, an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam a Agusta 2024, kai kana maganar kalmomi. Amsata ita ce, kalma ce ke buɗe ƙofar hukunci ko ta rufe ta. A 1994 jami'an Amurka sun yi ta kauce wa kalmar kisan ƙare dangi a kan Ruwanda saboda nauyin da za ta ɗora musu. A Junaina ta Darfur, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 10 zuwa dubu 15 a 2023, akasarinsu Masalit, kuma da farko "rikicin ƙabilanci" aka yi ta cewa. Sai a Janairu 2025 Amurka ta ce kisan ƙare dangi ne. Ko a gida, shekara nawa muka yi muna cewa ɓarayin shanu da 'yan bindiga, kafin kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwamba 2021? Har yanzu ana kashe manoma a gona a ce "an yi arangama".

Ga abin da nake bi a nawa aikin, nake kuma roƙon abokan aiki da marubuta su duba. In an san wanda ya aikata, a faɗe shi, a sa masa kalma daga kwando na farko. In zargi ne, a ce ana zarginsa, a kawo martaninsa. A bar gwabzawa da fafatawa da artabu ga inda masu makami biyu suka fuskanci juna. A bar "ya ɓarke" ga sa'o'in farko da ƙura ba ta lafa ba, kada ta kwana. Sunan da wani ɓangare ya raɗa wa yaƙinsa, a jingina masa shi, kada ya zama namu. In kuma kalmar nan "wage" ta zo, a tuna "ƙaddamarwa" rana ɗaya ce. Abin da ya fi kusa shi ne Hausar kowa da kowa: wane yana yaƙar wane, ya shekara biyu yana yi, bai daina ba.

Ku ma masu sauraro kuna da rabonku. Duk sa'ad da kuka ji ɗayanmu ya ce rikici ya ɓarke, ku tambaya wa ya fara, wa ke biya, wa ke cin riba, ku bugo waya ku tambaye mu. Magana zarar bunu ce, kuma wadda ta fita ta rediyo gidaje dubbai take shiga lokaci guda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu daga Karari har Burmi, daga Wad al-Mahi har Kasuwar Sabirin. Allah ya mayar da 'yan'uwanmu na Sudan gidajensu, ya sa Kasuwar Libiya ta koma tana ci kamar da, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.